Maman Kati da Kujerar Oga

Shekara ashirin da uku Maman Kati ta yi tana aiki a babban asibitin gari, kuma da wuya a sami mutum uku da za su rantse sun taɓa ganinta a zaune. Ɗaukar fayil ne aikinta. Da safe ma'aikatan ɗakin kati su zaro fayilolin waɗanda za su ga likita a ranar, su tara a kan dogon tebur, ita kuma ta rungume su a ƙirji ta bi ɗaki-ɗaki tana rabawa: na masu ciwon ido can ƙarshen baranda, na masu awon ciki bayan ɗakin magani, na masu sukari da hawan jini a bene na biyu. Kafin ta dawo wasu sun taru. Da la'asar ta sake zagayawa ta kwaso su. Sunanta na yanka yana nan a jikin katin da take ratayawa a wuya, amma katin kullum a kife yake, ba kuma mai neman karantawa. Daga babban likita har mai shara, Maman Kati kowa ke ce mata.

Gajeriya ce, ba jiki, da takalmin roba mai taushi da take sauyawa duk wata huɗu saboda dunduniyarsa ta cinye. Asibitin kuwa irin ginin nan ne da kowane shugaba in ya zo sai ya liƙa nasa ɓangaren a jikin na wanda ya gada, har ya zama ba a gane gabansa balle bayansa. Akwai kibiyar da har yanzu take nuna ɗakin hoto a inda aka mayar wurin ajiye karyayyun gadaje shekara goma da suka wuce. Mutum ya shigo lafiya lau duba mara lafiyarsa, kafin ya same shi shi ma ya cancanci gado. Maman Kati ce kaɗai ta haddace wurin. Ta san ƙofar bayan ɗakin wanki da ba a kullewa, ta san lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin gwaji. In ta ga baƙo tsaye da takarda a hannu yana waige-waige, ba ta tambayarsa komai, sai ta leƙa takardar ta ce, "Biyo ni, hanyata ce." Sau da yawa ba hanyarta ba ce.

Ana yabonta da zafin nama, tana amsawa da murmushi, amma a ranta tana jin kamar ta ci abin da ba nata ba. Ba ƙwazo ne kaɗai ke hana ta zama ba. Tsoro ne.

Tun tana 'yar shekara tara abin ya fara. A fita hutun cin abinci a yi ta guje-guje, a dawo aji a zauna. In malami ya ce a miƙe, kowa ya miƙe ban da ita. Ba ciwo take ji ba. Wani nauyi ne ke farawa daga cinyoyi, kamar an ɗora mata buhun jiƙaƙƙen yashi, sai ya gangara, sai ƙafafun su daina jin magana. In an taɓa su tana ji, hankalinta garau, bakinta garau, amma ɗagawa ta gagara. Bayan rabin awa, wani lokaci awa biyu, su dawo kamar ba su yi komai ba. Ta sha bulala a kan taurin kan da ba ta da shi.

Babanta tela ne, kuma shi ma haka yake. In ya daɗe a kan keke sai dai ya sauko da dafa bango, wani lokaci ya kwanta a tsakiyar shago cikin ƙyallaye har abin ya sake shi. 'Yan uwansa suka yi masa shaidar ragwanci, da ita kuma ya bar duniya. Shi ya kira ta gefe ranar da ta dawo gida da shatin bulala a baya, ya koya mata abin da ya gano da kansa. "In kin yi aikin ƙarfi kada ki faɗi zaune nan take, ki riƙa takawa a hankali har jiki ya huce. In kin ji nauyin ya soma, tashi tun yana cinya. Kada ki zauna da yunwa, kada ki zauna cikin sanyi." Ta tambaye shi sunan ciwon. Ya ce, "Namu ne dai."

A kan wannan ta gina rayuwarta gaba ɗaya. Abinci a tsaye. A bas ita ce mai tashi ta ba tsoho wuri, ana ta sa mata albarka, ita kuwa tana gode wa tsohon a zuci. A taron dangi tana cikin masu raba kwano da masu kwashe shi. Aljihun rigarta ba ya rabo da biskit da alawa. Mijinta, Baban Auta, makanikin mota, har gobe yana ba da labarin lokacin da yake nemanta: duk minti goma sai ta miƙe ta ce za ta dubo wani abu a cikin gida, har ya yanke cewa ba ta son sa, ya ɗauke ƙafa wata guda. Da ta aika aka kira shi ta faɗa masa gaskiya, sai ya ce ai da sauƙi, shi ya zaci warin man injin ne ke korarta. Suka koma yin hirarsu suna tafe.

Shi kaɗai ya sani, sai 'ya'yanta. Ya sha ce mata, "Ke da kike wuni cikin likitoci, ki buɗe baki mana." Ta taɓa buɗewa, a shekararta ta biyu da fara aiki. Likitan ya sa ta tsuguna ta tashi, ta ture hannunsa da ƙafa, ta taka layi. Ranar kuwa ƙafafun sun tashi da kirki, har suna neman ture shi daga kujera. Ya rubuta mata maganin ƙarin jini ya ce gajiya ce, ta riƙa samun wuri tana zama tana hutawa. Ta yi godiya ta fito. Daga baya ta ga yadda aka sallami wani mai tura gadon marasa lafiya saboda ciwon baya, da takarda mai cewa bai dace da aikin ba, sai ta ja bakinta ta tsuke. Aikin nan shi ne abincin gidanta, shi ne kuma maganinta. In aka sallame ta gida za ta koma, gida kuwa ba abin da ke jiran mace mai shekara hamsin da biyu, wadda 'ya'yanta suka girma suka karɓe mata shara da wanki, sai zama.

Sai kwamfuta ta zo. A cikin wata shida aka ɗauki hoton fayilolin nan kaf aka zuba a na'ura, likita ya danna ya ga tarihin mutum tun daga ciwon haƙorinsa na farko. Masu ɗaukar fayil su uku ne. Ɗaya ya yi ritaya, ɗaya aka mayar da shi ɗakin wanki. Saura Maman Kati, wadda ta yi mako biyu abinci ba ya wuce mata da daɗi.

Shugaban ɗakin kati, wanda kowa ke ce wa Oga, ɗan shekara arba'in ne mai sanyin murya, irin wanda in zai yi maka faɗa sai ya fara ba ka haƙuri. Shi ya hau bene ya sauko, ya sake hawa, har manya suka yarda a bar ta a ɗakin kati, a taga ta biyu, tana yankar wa sababbin marasa lafiya kati. Shi da kansa ya koya mata danna na'urar, yatsa ɗaya-ɗaya, bai taɓa nuna gajiya ba ko da ta goge masa aikin rabin yini. Ranar da za ta fara ya tara ma'aikata, ya shiga ofishinsa ya turo kujerarsa: baƙa, mai taushi, mai hannuwa, mai taya biyar.

"Mama," ya ce, "tafiyar da kika yi a asibitin nan ta isa haka. In aka miƙe ta, Allah kaɗai ya san ƙasar da za ta kai. Daga yau sai hutu. Ki zauna."

Aka tafa. Ta zauna. Godiyar da ta yi masa ta gaskiya ce, har da ƙwalla, don ta san wanda ya tsaya mata lokacin da ba dole aka yi masa ba.

Ko da gangan aka shirya abin ba zai fi haka muni ba. Daga inda bas ke sauke ta zuwa asibiti tafiyar minti ashirin ce, ita kuwa ba ta iya tafiya a hankali ba. Ta iso da gumi, ta faɗa kujera, a ɗakin da aka sa wa na'urar sanyi har biyu saboda lafiyar kwamfutoci. Layi kuma ba ya yankewa daga ƙarfe takwas zuwa biyu. Sai ta fara dabara. Ta bar hatimi a can teburin baya, don duk katin da ta yanka sai ta tashi. Ta riƙa mantuwa da kofinta a bakin famfo. Ta riƙa zuwa ban ɗaki har ta fara jin kunyar mai sharar wurin.

Maƙwabciyarta ta taga ta ɗaya, Anti Shayi, ita ta fara lura. Mace ce mai jiki da fara'a, filas ɗinta ba ya hucewa, bakinta ma haka. Maman Kati ta ba ta shekara goma, don haka Yaya take ce mata. Ta ga Yaya na dafa tebur da hannu biyu kafin ta miƙe, tana jan ƙafa a taku ukun farko. Ba ta tambaya ba. Ta yanke hukunci da kanta cewa gwiwa ce, girma ne ya zo, irin na mahaifiyarta sak, ta kuma sanar da ɗakin gaba ɗaya kafin a tashi.

Washegari Maman Kati ta tarar da hatimi a gefen hannunta na dama. Bayan kwana biyu firinta ta yi ƙaura daga ƙarshen ɗaki zuwa ƙarƙashin teburinta. Aka kawo gorar ruwa, aka kawo akwatin sababbin katuna, aka kawo matashi. In takarda ta faɗi, kafin ta sunkuya hannu uku sun kai. In ta ce za ta leƙa ɗakin magani ta tambayo wani abu, an riga an ɗaga waya.

"Yaya, wallahi in kika tashi ban yafe ba," in ji Anti Shayi. "Muna nan da ƙafafunmu ki riƙa wahala? Me za a ce da mu? Sha shayinki."

"Ƙanwata, ni tashin daɗi yake min."

"Na sani, sabo ne. Hutun ma za ki saba."

Akwai ƙaunar da ba ta tambaya, ta ga abu ta fassara shi ta hau yi maka hidima, kuma ita ta fi wuyar turewa. Wanda ya cuce ka kana iya daka masa tsawa. Wanda ya durƙusa yana gyara maka matashi a baya, me za ka ce masa? Maman Kati ba ta taɓa ganin gata irin na wata ukun nan ba, ba ta kuma taɓa shan wuya irin tasu ba. Abin da a da yake zuwa mata sau ɗaya a wata ya koma sau biyu a mako, ya koma kusan kullum. Tana murza yatsun ƙafa a ƙarƙashin tebur, tana tauna biskit a ɓoye, tana tambayar mutane shekarunsu da lambar wayarsu da murya lafiyayya, alhali daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta da iko da komai. In ya kama ta dab da tashi sai ta ce akwai sauran aiki, ta zauna tana kallon allo har ƙafafun su ga dama su dawo. Oga ya riƙa ba da misali da ita a taron ma'aikata.

Baban Auta ya ga yadda take ɗaga ƙafa da ƙyar a dokin ƙofar gida. "Ki faɗa wa yaron nan, Oganku," ya ce. "Mutumin kirki ne."

"Shi ya sa. In ce masa me? Kujerar da ka zare daga ƙarƙashinka ka ba ni ita ke kashe ni? Kuma in na ce ba na iya zama, ina aikin tafiyar da ya rage? Kwamfuta ta cinye."

Ya ci gaba da goge baƙin mai a hannunsa.

Ranar da abin ya fashe, da ruwan sama aka tashi. Ta makara, ta fito ba ta karya ba, biskit ɗin aljihu ya jiƙe ya narke. Tafiyar minti ashirin ɗin nan a goma sha biyu ta yi ta, ta zauna a jiƙe cikin sanyin ɗakin. Duk dokokin babanta ta karya a safiya ɗaya, kuma tana sane. Ƙarfe goma da rabi ƙafafun suka yi mata sallama.

Ba a yi minti goma ba sai ga wata mata ta ture layi ta faɗo kan tagar, da yarinya 'yar shekara huɗu a kafaɗa. Numfashin yarinyar na fita da wata siririyar ƙara, haƙarƙarinta na shiga yana fita, leɓunanta sun fara sauya launi. Asma ce, in ji uwar, maganin shaƙa ya ƙare. Ta bi allon bakin titi ne da ke cewa nan ne ɗakin gaggawa, allon da ya kamata a cire tun shekarar da aka mayar da ɗakin can ɗaya ɓangaren.

Anti Shayi ta miƙe tana nuni da hannu. "Ki fita ta inda kika shigo, ki bi katanga, ki zagaya ta baya." Minti goma ke nan ga mai lafiya, cikin ruwa. Ta ciki minti uku ne, amma sai an karya kwana sau bakwai, an bi ƙofa biyu da ba a rubuta komai a jikinsu ba. Ba hanyar da ake kwatantawa da baki ba ce, kuma mutum ɗaya ya san ta a ɗakin.

Maman Kati ta dafa tebur ta yunƙura. Ko motsi. Ta sake yunƙurawa. Ta dubi yarinyar, ta dubi ma'aikatan da ke bayanta, ta san abin da za ta faɗa yanzu in ya fita ba ya komawa. Tsoro ya cika ta, amma bai kai leɓen yarinyar nan nauyi ba.

"Ƙanwata, zo ki tura ni."

"In tura ki ina?"

"Ƙafafuna ba sa aiki. Tambaya sai an jima. A buɗe ƙofar gefe, a ɗora min yarinyar a cinya."

Hannuwanta da sauran ƙarfi. Ta zaunar da yarinyar a miƙe, ta rungume ta yadda take rungumar fayil. Anti Shayi, wadda rabonta da gudu tun tana makaranta, ta kama bayan kujerar Oga ta kwasa. Kujerar ofis ba don tafiya aka yi ta ba. Ka tura ta gabas ta nufi kudu, tana juyi tana ƙugi. Suka gogi bango, suka kifar da bokitin mai shara. "Hagu. Ba wannan ba, ƙaramar ƙofar. Tura da kafaɗa, ba a kulle take ba. Miƙe. Dama." Suka ratsa ɗakin wanki cikin tururi, tsohon abokin aikinta ya saki zanen gado ya bi su da kallo, sannan ya bi su da gudu. A bayan kicin akwai matakala uku; shi da wani mai gadi suka ɗaga kujerar da mutum biyu a kai ba tare da wani ya ce musu su ɗaga ba. Uwar na biye, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ma'aikatan jinya suka karɓe yarinyar tun a bakin ƙofa, aka sa mata abin shaƙa a fuska. Bayan ɗan lokaci ƙarar ta fara sauka, yarinyar ta sami numfashin da za ta yi kuka da shi, uwar ta zauna a ƙasa tana hamdala.

Likitar da ke aiki ranar ta daɗe tana karɓar fayil daga hannun Maman Kati. Ta juyo tana cire safar hannu tana dariya. "Maman Kati, yau ke ake turawa? To sannunku. Ɗan tashi a matsar da kujerar, ta tare hanya."

"Ba zan iya ba, likita."

Tun likitan nan da ya ce gajiya ce ba ta sake faɗar haka a cikin ginin ba, sai ta ji maganar ta fito da sauƙi fiye da yadda ta zata, sauran kuma suka biyo baya. Likitar ta daina dariya. Ta ɗauko 'yar gudumarta ta roba ta ƙwanƙwasa gwiwa, gwiwa ta yi shiru. Ta ce ta ɗaga ƙafa, ƙafa ba ta ɗagu ba. "A ɗebi jininta yanzu," ta ce wa nas, "yanzu-yanzu, kafin ya sake ta. A kira min likitan jijiya da tsoka."

Shi kuma da ya zo, dattijo ne mai tabarau a goshi, tambayoyinsa suka fi komai ba ta mamaki. Tun yaushe? Bayan aikin ƙarfi in kin zauna? Sanyi yana ƙara shi? Yunwa fa? In kin tashi kin taka da wuri yana fasawa? Akwai mai irinsa a gidanku? Ta riƙa cewa e, e, e, tana kallonsa kamar a shagon babanta ya tashi. Suna cikin haka ƙafafun suka dawo. Ta miƙe a gabansa ta taka, ya sake ƙwanƙwasa gwiwa, gwiwa ta harba.

Ya ce sai an ƙara gwaje-gwaje kafin ya sa hannu, amma yana kyautata zaton ya san abin. Lalura ce ta tsoka, ba ta da yawa a cikin mutane, tana bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya. Zuwa take ta tafi, shi ya sa mai ita in ya je asibiti a ranar lafiyarsa ba a ganin komai. Ba a raba mutum da ita, amma akwai maganin da ke rage zuwanta, akwai kuma abincin da zai lissafa mata ta kiyaye.

"Wa ya koya miki tashi ki taka?"

"Babana."

"Likita ne?"

"Tela ne."

"To kusan abin da zan faɗa miki ke nan. Ya riga ni."

A nan ta yi kuka, kuma ba don aikinta ba. Babanta ya mutu ana ce masa rago, ga shi wani da bai taɓa ganinsa ba ya wanke shi da magana ɗaya. Ta ji daɗi, ta ji takaici, ta gode wa Allah da ya bar ta ta ji da kunnenta. Anti Shayi na tsaye a bakin labule tana haki, ta ji komai, har da inda likitan ya ce babban abin gudu shi ne dogon zama a wuri mai sanyi. Ta kama kujerar ta koma da ita wayam.

Aka ba Maman Kati hutun kwana uku, ta yi shi tana zagaya tsakar gida tana shirya kalmomin ban haƙuri da na ban kwana. Ranar da ta koma kai tsaye ofishin Oga ta nufa. Sai a ranar ta ga a kan me yake zama tun wata uku: farar kujerar roba, ƙafa ɗaya an ɗaure ta da waya.

"Oga, na ɓoye maka abu, na kuma ja maka magana. Duk hukuncin da aka yanke..."

Ya buɗe baki zai ce ta zauna, ya kama kansa, sai shi ma ya miƙe tsaye. "Mama, wata uku muna zaunar da ke kamar mun ɗaure ki, kina ce mana kin gode. Ni ya kamata in tambaya, ban tambaya ba. Minti nawa kike iya zama lafiya?"

"Ashirin. In na ci abinci, in ba sanyi."

"Tsaye fa?"

"Tsaye wuri ɗaya ma ba daɗi. Tafiya dai."

Ya buɗe kabad ya fito da wata 'yar kwamfutar hannu, faɗinta bai wuce littafi ba, har yanzu da ledarta. An kawo ta tare da sauran ne don a riƙa bin layi ana yi wa tsofaffi da marasa ƙarfi rajista a inda suke zaune, amma ba wanda ya yarda ya bar sanyin ɗaki ya shiga zafin layi. "Ki riƙa bi benci-benci. Wanda kika yi wa kati, in bai san hanya ba ki kai shi. Likita ya rubuta, ni ma na rubuta na kai sama. Sun ce a gwada."

"Ba kora ke nan ba?"

"Kora? Ni yanzu in kika sake ni a bayan kicin sai an nemo ni da cigiya."

Ta yi dariya. Ba a yi wata guda ba aka tabbatar mata da aikin a rubuce. Ta sayi sabon takalmin roba. Maganin ya karɓe ta. Abin bai tafi gaba ɗaya ba, yakan leƙo jefi-jefi, amma yanzu in ya zo ba ta ƙirƙirar sauran aiki, sai ta ce, "Ya zo," a miƙo mata alawa, a ci gaba da hira har ya wuce.

Abu ɗaya ya rage yana ci mata rai, shi ne Anti Shayi. Tun ranar ruwan nan matar ta zama wata iri. Gaisuwa a taƙaice, ido a kan allo, shayi a zuba a ajiye a gefe ba magana. Maman Kati ta ce mata ba komai ya fi sau biyar, ta tuna mata wa ya tura kujera har ɗakin gaggawa, ita dai sai ta ce, "Na sani, Yaya," ta ci gaba da danne-danne. Ɗakin kati ba surutunta ya zama ba daɗin shiga.

Bayan ƙarfe biyu layi kan yanke, Maman Kati ta shigo ta sa 'yar kwamfutarta a caji, ta ɗan zauna a bencin da ke kusa da ƙofa inda sanyin bai kai sosai ba. Wata rana hira ta yi daɗi tsakanin ma'aikata, ga gajiya, ta shagala. Ba ta duba agogo ba. Amma akwai wadda ta duba.

"Yaya." Anti Shayi ce, idonta na kan allo. "Birona ya ƙare. Je ki sito ki karɓo min."

Sito yana can ƙarshen ginin baya, tafiyar minti biyar. Kuma tun da aka buɗe ɗakin nan ba a taɓa jin ƙarami ya aiki babba ba, balle Anti Shayi, wadda in ta ga an gaishe da babba a tsaitsaye sai ta wuni tana mita. Gumi ya tsatsafo wa Anti Shayi a goshi cikin sanyin nan.

Maman Kati ta dubi agogon bango, ta ga minti goma sha takwas ta yi a zaune. Ta dubi durowar Anti Shayi, wadda ba ta gama rufuwa ba, ga kwalin biro sabo fil a ciki, ko buɗe shi ba a yi ba.

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ƙafafun suka amsa.

"Shuɗi ko baƙi, ƙanwata?"

Anti Shayi ta share ido da bayan hannu, har yanzu ba ta juyo ba.

"Wanda ya fi wuyar samu, Yaya. Kada ki yi sauri."